Yadda Muka Raba Muryar Malam da Keken Ɗinki

Maigidana, Allah ya kai haske kabarinsa, tela ne a Gangare, cikin Jos. Idan kin ji muryata ta sarƙe, jikata, ki ajiye biron ki jira ni. Har yau ba na iya ambatonsa ido a bushe.

Yana ɗinki yana waƙa, waƙoƙin da ya ƙirƙira da kansa, yawanci zambo ga masu kawo yadi ranar jajiberin salla su ce gobe suke so. A shekarun da samarin Jos suka dinga tururuwa situdiyo, masu zaman benci a shagonsa suka zuga shi ya kai wa mai buga kaset. Na ce, "Malam, da furfurar taka?" Ya ce furfura ba ta fitowa a kaset.

Ya ɗora rediyonmu mai cin kaset a kan teburin keke, ya ɗauki waƙa huɗu yana ɗinki, ya zuba babbar riga ya nufi wani oga mai buga kaset a kasuwa. Kafin la'asar ya dawo, rigar a kafaɗa.

"Me ya ce?"

"Wai keken ya fito ras. In keken ke son a buga shi, ya zo da kansa."

"Kai fa?"

"Wai ya ji wani bawan Allah can baya kamar yana neman agaji."

Na yi dariya har da hawaye, amma shi bai ci tuwo ba ranar. Oga ya ba shi dama ɗaya tak: ya kawo murya tsaf, ko kada ya ƙara hawa masa bene.

Sai muka gyara uwar ɗaka. Sanyin Jos ya sa muna da barguna, muka rataya su a bango da taga da ƙofa. Na je wurin maƙwabciyarmu, Inyamura mai injin markaɗe, na roƙe ta ta kashe mana na awa guda.

"Baba zai yi waƙa? Mama, kai ma zai yi rawa?"

"Madam, ke dai kashe injin."

Ɗaki ya yi tsit. Malam ya danna rediyon, ya buɗe baki, baiti ɗaya ya ɓace. Ya sake, ya sake ɓacewa. Ya zauna yana kallon ƙafafunsa.

"Ke, ashe waƙar a ƙafa take. Ba keke, ba ta zuwa."

Ni kuwa tun ina amarya ƙarar keken nan ke kunnena. Na zauna bayansa a bakin gado, na fara buga masa ita da yatsu a gadon baya, a hankali.

"Kin yi sauri, wannan ɗinkin jajiberi ne."

"Malam, ka yi shiru ka yi waƙa."

Ya kuwa yi, huɗun duka, yana gumi cikin barguna.

Oga ya saurara ya ce yanzu ya ji mutum. Ya tura shi situdiyo a Gada Biyu, wani ɗan ɗaki da aka lilliƙe da soso. Mai ɗaukar sautin ya tare ni a ƙofa.

"Mama, a waje za ki jira."

Malam ya ce, "To ku aika Gangare a ɗauko keke."

Aka bar ni na shiga, bayan an sa na cire awarwaro, wai na'urar tana jin har wannan.

An buga kaset ɗin. Bai zaga duniya ba, amma na ji shi a tasi sau biyu, na kuma gaya wa direba mijina ne, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Oga ya nemi na biyu. Mun shirya waƙa shida, muna jiran damina ta wuce saboda ƙarar ruwa a kwano, sai ciwo ya kwantar da shi. Duk shidan suna kaina, baiti-baiti. Muryar ce babu.