Tagar Léonie Ba Ta Buɗu Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Léonie Peiffer, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ni na fara sani, kuma ban iya kaiwa gare ta ba.

Léonie, tun rasuwar matata muka ƙulla alkawari: duk wanda ya wayi gari ya buɗe murfin tagarsa kafin ƙararrawar coci ta buga takwas. In tawa ta makara, sai ki tsallako titi da mabuɗin gidana da tukunyar miyar wake, kina faɗa tun daga ƙofa: "Néckel, tsohon banza, mutuwa ka yi ko lalaci ne?" Nakan ce, "Sai na binne ki tukuna." Da wannan alkawari kika hana 'yata Monique kai ni gidan tsofaffi a garin Arlon. Kika ce mata, "Ƙyale shi, 'yar nan, idona na kansa."

Ran Talatar nan tagarki ba ta buɗu ba. Titi ya daskare da ƙanƙara, ƙafafuna kuwa shekara biyu rabonsu da matakalar ƙofa. Na leƙa hagu da dama, ko mota ɗaya babu. Kowa ya tsallaka iyaka wurin aiki a Luxembourg tun asuba. Na kira motar asibiti, sai tsoro ya kwashe mini Faransancin da malam ya dasa mana da bulala. Yaren iyayenmu kaɗai ke fita daga bakina, yaren da ni da ke kaɗai muka rage muna yinsa a ƙauyen nan. Matar da ta ɗauki wayar tana ta cewa, "Baba, ban gane ba, maimaita." Daga baya likita ya ce kin cika tun kafin gari ya waye, mintocin nan ba su canza komai ba. Ni dai har yau suna zaune a ƙirjina.

Ta taga na kalli wucewar gawarki zuwa coci. Monique za ta zo Asabar da akwatuna ta kai ni gidan tsofaffin, kuma ba ni da sauran hujjar da zan ba ta.

Ubangiji ya jiƙanki, Léonie, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa cikin haskensa. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Fernand da jikokinki, Allah ya ba ku haƙuri. Fernand, alfarma ɗaya nake roƙo: in ka zo rufe gidan, ka bar mini tagarta a buɗe zuwa Asabar.