Baƙon Ƙwai a Azarar Kaka

Ranar Juma'ar da ta wuce, ina komowa daga masallaci ta Ƙofar Guga, na ji wani siririn kuka da ya tsayar da ni cak a bakin titi. Kukan baiwar Allah ne, 'yar jar tsuntsuwar nan da ba ta fi babban yatsa ba. Rabona da jin sa har na manta. Kafin in gaya maka abin da na gani da na ɗaga kai, bari in kai ka gidanmu.

Gidan ƙasa ne, rufin azara. A ɗakin kakata, mahaifiyar babana, akwai wani rami tsakanin azara biyu inda bayin Allah suke sheƙa duk ƙarshen damina, lokacin da ƙanshin ɗanyen gero yake cika tsakar gida. Kaka ta ɗauke su 'yan gida. Kowace safiya takan watsa musu tsaki, ta cika musu kasko da ruwa a gindin randa. Takan ce ɗakin da suka zaɓa ba ya rasa albarka, kuma tun tana amarya ba su taɓa ƙaurace mata ba.

Sai dai suna da maƙiyi, wani ɗan baƙin tsuntsu da ake kira baƙin ba'u. Shi ba ya gina sheƙa. Matarsa takan faki ido ta shiga ta baiwar Allah, ta ajiye ƙwanta, ta yi gaba. Baƙon ɗa ya fi 'yan gida wuya da baki, shi yake fara karɓar abinci. Na sha tsintar ɗan baiwar Allah a daɓen ɗakin Kaka, ya bushe kamar ganye, kiyashi sun rufe shi.

Kaka tana da dabararta. Takan hau turmi, ta zura yatsu biyu cikin ramin, ta lalubo ƙwan da ya ɗara sauran girma, ta fitar. Duka farare ne, yatsa ne kaɗai yake bambancewa. Kakana Malam, wanda ya koya mini rubutun ajami a zaure, bai taɓa son abin ba.

"Wanda ya halicce shi haka bai san da ke ba ne?" in ji shi.

"Ya sani, Malam. Shi ya sa ya ba ni yatsu."

Shekarar da hannunta ya fara rawa don tsufa, ta hau turmin ta sauko ba ta taɓa komai ba. Ta ji tsoron ta fasa na gida. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma maigida, ga ka miji amma tsawonka bai kai randa ba. Mi za ka tsinana mani?"

A nan ne Baffa, autan Kaka, ya ce a bar masa. Saurayi ne mai zafin nama, yana son uwarsa. Ya ce cire ƙwai wahalar banza ce, a kashe maciji a sare kansa. Ya tatso danƙon gamji, ya dafa, ya shafe tsinkaye, ya jera su a bakin kaskon ruwa bayan asuba, tunda baƙin ba'u ma a nan yake sha. Bai gaya wa kowa ba.

Abin da bai tuna ba shi ne, baƙin ba'u yana da tsoro, sai ya ga 'yan gida sun sauka yake sauka. Bayin Allah kuwa ba su taɓa ganin sharri a kaskon nan ba.

Da hantsi muka same su, mace da namiji, fukafukai a manne, sun yi ta fizga har sun gaji. Kaka ta zauna a ƙasa, ta yi ta goge su da man gyaɗa. Namijin ya cika a tafinta. Macen ta kai la'asar. A cikin azara 'ya'yan, waɗanda ba a daɗe da ƙyanƙyashe su ba, suka yi ta kuka har suka yi shiru, na gida da baƙon duka.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Auta, da ruwana ka kama su."

Baffa ya daɗe ba ya haɗa ido da ita. Ta ci gaba da cika kaskon har ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta, amma ramin nan yanar gizo ce ta gaje shi.

Yau gidan siminti ne da rufin kwano, ba ramin da ko ƙadangare zai shiga. Dalbejiyar ƙofar gida an sare ta an yi shago. Hankaki sun cika unguwa saboda bola, suna bin sauran sheƙuna ɗaya bayan ɗaya. Jikokina ba su san baiwar Allah ba ko a suna.

To, ranar Juma'ar nan da na ɗaga kai, ba ja na gani a kan wayar lantarki ba. Baƙin ba'u ne, shi kaɗai. Malam ya taɓa gaya mini cewa kukan wadda ta ciyar da shi yake koya, da shi yake rayuwa har ya mutu. Na tsaya ina saurare, masu acaɓa suna ta yi mini oda. A duk unguwar nan, wanda ya rage yana riƙe da muryar baiwar Allah shi ne wanda muka so mu kashe.