Mai Jifa Ne, Suka Ce Ya Je Ya Cafe

Ban taso da wannan ƙwallon na Amurkawa ba. A Kano da ƙafa muke buga ƙwallo, kuma da na zo Greensboro na ga ƙarti da hulunan kwano suna ture juna, sai na ɗauka kokawa ce aka shata mata fili. Ɗana na fari ne ya shigar da ni ciki. Tun yana sakandare aka ba shi matsayin kwatabak, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba fili ya jefa wa abokin wasansa, in kuma hanya ta buɗe ya ruga da ita da kansa. Da ya shiga wata ƙaramar jami'a a nan garin, a wannan matsayin ya zauna har ya gama.

Ni makanike ne, garejina yana McLeansville kusa da gidanmu, kuma ba na buɗewa ran Lahadi. Bayan la'asar sai ya zo da kwamfutarsa, ya ɗora a teburin cin abinci, ya kunna bidiyon wasan jiya. Ina yi masa Hausa yana amsa mini da Turanci. Yakan tsayar da hoton ya ce, "Baba, dubi wancan na baya, ya matso taku biyu. Kaina zai taho. Shi ya sa na canza tsarin." Sai ya saki hoton, in ga mutumin ya taho a guje, ƙwallo kuwa ta riga ta bi ta gurbin da ya bari. Shekara huɗu ina wannan karatu a wurinsa, har na gane aikin na ƙwaƙwalwa ne. Gudun da 'yan kallo suke yi wa ihu ƙari ne kawai.

Amma gudun ake gani, don Allah ya ba shi ƙafa.

A shekararsa ta ƙarshe makarantar ta shirya ranar gwaji, inda wakilan manyan ƙungiyoyi suke zuwa duba 'yan wasa kafin zaɓen da ake yi a watan Afrilu, wanda suke ce wa diraf. Ranar ta faɗo cikin azumi. Mahaifiyarsa ta ce ya sha ya rama daga baya, ya ce a'a. Na rufe gareji, na sa sabuwar shadda, muka tafi da hantsi.

Suka auna tsawonsa, suka buɗe tafin hannunsa suka ɗora ma'auni, kamar masu taya rago. Na haɗiye, tunda kowa haka aka yi masa. Aka zo gudu. Yana tsallake layi na ga wakilan nan sun dubi agogunan hannunsu, sun dubi juna, kowa ya duƙa yana rubutu. Sannan aka zo jifa, abin da ya yi wata uku yana shiri dominsa. Ya jefa na kusa, ya jefa na nesa, ya jefa yana gudu ta hagu, wanda shi ne mafi wuya ga mai dama. Biyu kawai na ga sun taɓa ƙasa, ɗaya ma daga hannun mai cafewa ta suɓuce. Na juya don in ga fuskokin wakilan. Rabinsu suna danna waya, wasu biyu sun koma inuwa suna shan kofi.

Akwai wani kwatabak ɗin da aka gayyato daga wata makaranta, ɗan Irving Park, unguwar attajirai a nan garin, dogo, wanda ya zo da kocinsa na musamman. Ba ni da abin faɗa a kansa, yaron kirki ne, har ya zo ya gaishe ni. Amma da ya fara jifa sai wayoyin suka koma aljihu. Na ji wani yana ce wa na kusa da shi wannan yana da natsuwa, da gani shugaba ne. Bai yi gudun kirki ba, ba wanda ya rubuta masa hakan a matsayin laifi.

Ana gamawa sai wani wakili mai furfura ya yafito ɗana. Daga inda nake na ga ya nuna masa layin masu cafe ƙwallo. Ɗana ya je ya shiga layin. Ɗan Irving Park ɗin nan aka sa yana jefa masa. Shekara takwas yana jan ragamar ƙungiya, ga shi da bakin azumi yana tsalle yana cafe jifan wani.

A wurin ajiye motoci na tare mai furfurar nan. Na ce masa ni ne mahaifin, ina da tambaya. Ya miƙo hannu da fara'a ya ce, "Ɗanka yana da jiki na ban mamaki."

Na ce, "Ba jikinsa na tambaye ka ba. Wasanninsa nawa ka kalla?"

Ya ce biyu, a bidiyo, tun kaka.

"Ka ga inda yake canza tsari kafin a fara hari?"

Ya ce a ƙananan makarantu yawanci koci ne yake ba da alama daga gefe, don haka sukan ɗauka ba daga ɗan wasan ba ne.

Na ce, "Kun tambayi kocin?"

Ya ce, "Yallaɓai, makarantu da yawa nake zagayawa." Ya ƙara da cewa mai gudu irin wannan yakan ji rauni da wuri, manyan ƙungiyar da ta aiko shi kuma ba sa son kasada, gara a mai da shi inda ƙafarsa za ta yi amfani. Bai ɗaga murya ba, bai kuma raina ni ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Tun kafin ya hau jirgi ya gama yanke hukunci. Na ce masa ni in mota ta shigo garejina ba na cewa ga ciwonta sai na buɗe bonet. Ya yi murmushi ya shige motarsa.

Ashe ɗana yana bayana. Muna shiga mota ya ce, "Baba, ba a yi musu haka. Duk sun san juna." Na ce to su sani. Muka iso gida, da aka sha ruwa a ɗakinsa ya ci abinci. Na daɗe ina tunanin ko na ɓata masa. Har yau ban sani ba.

Kwana uku ake yin diraf. Muka zauna a falo muna kallon sunayen waɗanda aka zaɓa suna wucewa a talabijin, ba nasa, ba kuma na ɗan Irving Park ɗin ba. Da yammacin rana ta uku wata ƙungiya ta kira, ta ce ya zo gwaji a matsayin mai cafewa. Ya dube ni, na kawar da kai, don na riga na yi magana fiye da kima. Ya gode musu ya ce shi kwatabak ne. Mahaifiyarsa ta tashi ta shige kicin.

Sati biyar yana taya ni aiki a gareji, ba ma zancen. Sannan wata ƙungiya daga Kanada ta neme shi. Wakilinta ya riƙe shi a waya fiye da awa guda, yana turo masa bidiyon wasanninsa yana tambayar me ya gani a nan, me ya sa ya jefa can. Ya tafi a matsayin kwatabak na uku. Yawancin lokaci a gefen fili yake tsaye, sai jefi-jefi ake saka shi.

Shi ya daina fushi tuntuni, yana cewa haka harkar take. Ni kam in Afrilu ta zo na ji masu sharhi a talabijin suna cewa wani yaro yana da ƙafa amma ba a tabbatar da ƙwaƙwalwarsa ba, sai in kashe in fita gareji.