Karan da Na Tsige a Gulbi

Ko na manta komai na zamanin Faransa, har da wahalar kai gyaɗa sikeli a Maraɗi, ba zan manta ranar da na tsige karan gulbi ba.

Ni 'yar tudu ce, daga wani ƙauye bayan Tibiri aka kawo ni aure Jiratawa, ban san halin gulbi ba. In ruwa ya janye yakan bar laka shimfiɗe, samanta a bushe har da tsaga, ƙasanta kamar kunu. Mutanen garin sukan kafa karan dawa a jere don a san inda ƙafa za ta taka. A wurinsu kowa ya san wannan, shi ya sa ba wanda ya gaya mini.

Wata rana da hantsi na fita neman makamashi, sai ga kara busasshe tsaye reras. Na ce kai, mutanen nan ba su san arziki ba! Na bi layi ina tsigewa har na haɗa dami, ina ta murnar banza.

Na ɗaure na aza a kai ke nan, sai na hango uwar mijina tana dawowa daga kasuwar Maraɗi. Ta iso inda kara ya ƙare, ta ɗan tsaya, ta taka da ƙiyasi. Nan take ta nutse zuwa gwiwa. Kafin in iso, laka ta kai mata ƙugu.

Na buɗe baki zan yi kururuwa, ta ce, "Tsaya nan, ɗiyata, kada ki matso. Mi ke kanki?"

Na ce, "Kara ne, Inna."

Ta dubi damin, ta dube ni. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce, "To, kwance shi. Shimfiɗa a gicciye, ki turo mini."

Na yi ta shimfiɗawa ina tura mata. Ta kwanta rub da ciki a kai, tana zaro ƙafa sannu sannu, laka tana ƙara kamar ba za ta sake ta ba. Na jefa mata bakin gyalena, na ja. Sai wajen azahar ta fito, ba takalmi, ba ƙwaryar cefane.

Washegari ta tashe ni, muka koma tare. Tana soka sanda tana gwada ƙasa, ni ina kafa kara a bayanta, har muka maida layin. Har Allah ya karɓi ranta ba ta gaya wa ɗanta ba.

Tun ranar, duk abin da na tarar an kafa, ko tsinke ne, sai na tambaya kafin in taɓa. Wani ne ya sa shi, kuma akwai mai dawowa gida da ya dogara da shi.