Wa Zai Riƙe Mini Yatsa Yanzu?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, bayan la'asar, 'yata Zulaiha ta shigo ta durƙusa gabana. Kukan mata da na jiyo ta bayan katanga ne ya gaya mini cewa maƙwabcina, Malam Ndakotsu kafinta, ya riga mu gidan gaskiya. Ita ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, domin shekara goma sha huɗu ke nan rabona da gani.

Ndakotsu, duk unguwarmu ta Fadikpe an san ni da kai ba ma shan inuwa ɗaya a siyasa. Musun da muka yi a bencin shagonka ya fi kujerun da ka ƙera yawa. Amma duk ranar zaɓe kai ne kake buga mini ƙofa da sassafe, ka ce, "Malam Mudi, tashi mu je ka sake yin kuskurenka." Ka ja ni har rumfa, ka karanta mini alamomin jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, ka tsoma babban yatsana a tawada, ka ce, "Ina?" In faɗa, ka dangwala.

Yau zan faɗi abin da na ɓoye maka. Ban taɓa sakin jiki da kai gaba ɗaya ba. Takardar ƙuri'a sumul take, duk inda aka ɗora mini yatsa ɗaya nake jin sa. Zargin ya fi ci na a shekarar da ƙaninka Ndako ya tsaya takarar kansila, ni kuwa na ce abokin hamayyarsa nake so. A ranar, hannunka ya yi ta rawa, ka daɗe kafin ka danna. Na koma gida ina cewa a raina, yau kam an zaɓa mini. Ban taɓa tambayar ka ba.

Jiya a wurin zaman makoki Ndako ya zauna kusa da ni, ya kama hannuna. Ya ce, "Malam, ka san abin da ya hana ni gaida Yaya har shekara biyu? Ƙuri'arka ce. Mun ce masa ai ba ka gani, ya karkata yatsan kaɗan kawai. Har tsohuwarmu sai da ta sa baki. Ya ce mana, 'Aron ido ya yi a wurina, ba aron ra'ayi ba.'"

Ashe rawar hannun nan ta ƙaninka ce da mahaifiyarka, ba ta cin amana ba. Ka ɗauki fushin gidanku saboda ƙuri'a ɗaya tak, wadda ko mai ita bai yarda cewa ka kai ta inda ya ce ba. Na ji kunya, Ndakotsu, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da likita ya ce idona ba zai dawo ba. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Azumi, da 'ya'yanka, da Ndako. Allah Ya ba ku haƙuri. Kai kuma Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya riƙe hannunka ranar da kowa zai nemi mai riƙe shi, kamar yadda ka riƙe nawa.