Malam Jibrilla da Sunan Matuƙin Kwadon

Kullum da hantsi za ka tarar da Malam Jibrilla a ƙofar gidansa a Manawashi yana goge tabarau. Jirgin sama na giftawa sai ya katse hira ya karkata kunne, maƙwabta su ce, "To, surukinsa ya zo." Aikinsa ke nan tun yana da baƙin gashi. In ƙaramin jirgi ya faɗi, shi ake turawa ya gano dalili. Watan nan ya yi ritaya ko walima babu, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Mutanen Kwadon ba su manta shekarar da jirgin haya mai feshin tsuntsayen jan-baki ya faɗo a gonar dawa ba, matuƙinsa Danny ya rasu. Kafin a binne shi magana ta zaga Gombe, wai a buge ya tashi. Matarsa Debby har coci ta daina zuwa saboda idon mutane.

Ko da Malam ya isa wurin, an kwashe rabin tarkacen, kowa ya tsinci ƙarfen banza. Bai kira ɗan sanda ba. Gida-gida ya bi da sallama yana roƙon a maido abin da aka ɗauka, har ya zo kan wata tsohuwa, Inna Ummi.

"Ungo tsiyarku," ta ce, ta miƙo masa wani siririn bututu. "Na ce in riƙa hura wuta da shi, ashe a toshe yake."

Bututun da ke auna wa matuƙi gudun jirgi ne. Da aka yanka shi, sai ga busasshen gidan zanzaro a ciki, tun kwanakin da jirgin ya yi a ajiye ba a rufe bakin ba. Na'ura ce ta yaudari bawan Allah.

Da ƙafarsa Malam ya je Jekadafari wurin Debby.

"Madam, laifin ba na mijinki ba ne. Likita ma ya gwada, babu giya a jininsa."

Debby ta ce, "Baba, don Allah maimaita, yara su ji."

Ya maimaita, har da ɗaga murya don na bayan katanga.

Kai ne mai bin sawun abin da ba ya taka ƙasa, Malam. Mun gode, Allah ya sa ka ci moriyar hutunka. Ku kuma masu tasowa, ku koyi haƙurin tambaya irin nasa kafin ku yanke hukunci, don mamaci ba ya iya tashi ya kare kansa.