Dutsen da Kakata Ta Danne Cibiya da Shi

Shekaranjiya maƙwabta suka aiko mana da kunun kanwa, an yi musu haihuwa. Ƙamshin na bugun hancina sai ga ni a tsakar gidan kakana a Daura, shekarar da fari ya koro mutanen arewa.

Da bazara suka iso, wani Buzu da matarsa mai tsohon ciki, da jaki ɗaya duk ƙashi. Kakana ne mai unguwa. Ya sa aka kawo musu ruwa, sai da suka sha ya tambayi mutumin abin da hannunsa ya iya. Ya ce haƙar rijiya. Shi ke nan binciken. Aka share musu ɗaki, da damina ta matso aka yanka masa gona.

Kakata ce ta karɓi haihuwar. Ina leƙe ta bayan rumbu ta haƙa rami, ta binne cibiyar jaririn, ta danne da dutse, ta ce, "Wannan kam namu ne. Mai ja ya zo ya tono."

Jaririn nan ya girma da ƙannena, ya gaji ubansa. Rabin rijiyoyin unguwarmu shi ya haƙa. Da ya rasu mu muka sallace shi.

Bara autarsa ta samu gurbin karatun ungozoma, aka ce sai ta kai takardar shaidar 'yar asalin gari. Na raka ta wani ofishin hukuma. Ma'aikacin, sa'an jikana, ya dubi hasken fatarta ya ce, "Baba, ai waɗannan 'yan Nijar ne."

Na ce, "Yaro, da ruwan wace rijiya aka wanke ka ran da aka haife ka?"

Ya yi dariya. "Baba, ba a rubuta rijiya a fom."

Mai karatu, na zauna Kumasi, na zauna Kartum, na ci baƙunci da harsuna huɗu. Na ga inda baƙo ke shan wuya, amma a wasu garuruwan akan ƙidaya masa shekaru, in sun cika ya zama ɗan gari. Mu nan kaka, ɗa, jika, ba su isa ba! A garin da muke kai kowa rijiyar Kusugu muna alfahari da baƙon da ya nemi ruwa. A zamanin da muke kirarin shari'a, kullum ana mana wa'azin yadda mutanen Madina suka karɓi masu hijira.

Sau biyar muka koma ofishin nan. Aka rufe ɗaukar ɗalibai tana gida.

Da ta zo gaishe ni ta ce, "Baba, to ni 'yar ina ce?" Na dogara sandata na kai ta tsohon gidanmu. Rumbun ya rushe, dutsen na nan. Na nuna mata. Ita ce shaidar da nake da ita, kuma ba ta da hatimi.